Dokta John Paul, Likitan Da Ya Bi Sawun Shan Inna Har Cikin Kwatami

Da wuya ka sami wanda ya taɓa jin sunan Dokta John Rodman Paul a kasuwar Gombe. Amma ma'aikatan lafiyan nan da ke zura guga cikin magudanar ƙazantar garin su ɗebi ruwa su ɗura a kwalba, aikin da ya fara ne suke ci gaba da yi.

An haife shi a birnin Filadelfiya na ƙasar Amurka ran 18 ga watan Afrilu, 1893. Ya yi karatu a jami'ar Princeton, sa'an nan ya koyi aikin likita a Johns Hopkins, ya gama a 1919. A 1928 ya koma jami'ar Yale da koyarwa, can kuwa ya yi sauran rayuwarsa.

A wancan zamani shan inna ta addabi Amurka. A 1916 kaɗai ta kama mutum wajen 27,000, ta kashe kimanin 6,000, galibinsu yara. Manyan masana na lokacin, musamman Simon Flexner na Cibiyar Rockefeller, sun tsaya a kan cewa ƙwayar cutar ta hanci take shiga ta wuce ƙwaƙwalwa, don abin da suka gani ke nan a jikin birai cikin ɗakin bincike. Paul bai gamsu ba. Shi a ganinsa, cutar da ke kama yara a gida, a gidan ya kamata a neme ta. A 1931 suka kafa ƙungiyar binciken shan inna ta Yale tare da James Trask, wani likitan yara. Suka riƙa bin gida gida, suna duba mara lafiya da 'yan'uwansa. Suka tarar da ƙwayar a jikin yaran da ɗan zazzaɓi kawai suka yi suka warke, daga baya kuma suka same ta cikin bahayan yara, tana fita mako da mako. Wasu likitocin Suwidin sun faɗi haka tun 1912, ba a saurare su ba.

To, in cutar na cikin bahaya, ai sai a bi ta inda bahayan gari duka ke taruwa. A 1939 annoba ta faɗo birnin Charleston, sai suka ɗebo ruwan lambatun garin.

Mai karatu ya san fa wannan ƙwaya, wadda ake kira bairos, madubin likita na yau da kullum ba ya nuna ta. In aka jera fiye da 30,000 daga cikinsu, da kyar su cika milimita guda. Ga ruwan kwatami cike da wasu ƙwayoyin iri iri. Dabarar da suka yi ita ce su zuba wa ruwan maganin da ke kashe sauran ƙwayoyin ya bar ta shan inna, su yi wa biri allura da shi, su zauna jira. In birin ya shanye, sai a yanka lakarsa a duba. Aiki ne mai wari, mai tsada, wani birin ma ƙazantar ce ke kashe shi tun ba a kai ga komai ba. Duk da haka suka sami ƙwayar, a Charleston da kuma Detroit. Wani abokin aikinsu, Joseph Melnick, ya shekara da shekaru yana gwada ruwan lambatun New York, ya nuna cutar kan yawaita cikinsa a lokacin da aka saba annoba.

Amfanin wannan babba ne. Cikin mutum 200 da suka kamu, kusan ɗaya ne ke shanyewa. Sauran suna yawo lafiya lau suna yaɗa ta. Wanda ya tsaya ƙirga guragu, sai cuta ta gama gari kafin ya farga. Kwatami kuwa yakan tona ta da wuri.

A 1943, lokacin yaƙin Hitila, an tura Paul Alƙahira don shan inna na kama sojojin Ingila da na Amurka. Gwajin jini ya nuna daga baya cewa 'yan ƙasar tun suna jarirai suke kamuwa, shi ya sa ba ta cika taɓa manyansu ba. Suna dai ya tafi ga Salk da Sabin da suka haɗa rigakafi. Paul ya rasu ran 6 ga watan Mayu, 1971, shekarar da littafinsa na tarihin shan inna ya fito.

A Nijeriya an fara ɗibar ruwan kwatami a Kano a 2011, Sakkwato ta biyo a 2012, daga baya aka kai Gombe. Akan sa kwalbar cikin ƙanƙara a aika ɗakin binciken jami'ar Ibadan, ba nisa da Sabo. Yanzu babu ruwan biri. Tace ruwan ake yi, a zuba kan ƙwayoyin halitta da aka raina cikin kwalba.

Ta haka aka gano shan inna a magudanar Gombe a 2018, iri ɗaya da wadda aka samu a Jigawa da Yobe. Asalinta raunanar ƙwayar rigakafi ce, wadda kan sake ƙarfi in ta daɗe tana yawo inda yara da yawa ba su sha maganin ba. Cutar da ta haɗa jihohi uku, ba wuya ta hau motar Legas a jikin yaron da aka kai ganin gida. Ran 25 ga watan Agusta, 2020, aka tabbatar Afirka ta rabu da shan inna ta asali, amma waccan irin an ci gaba da samunta a wasu jihohin arewa har cikin 2024.