Farfesa Ishaya Audu: Ɗan Anchau Da Ya Riƙe Jami'ar Ahmadu Bello

Masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Amma akwai mutanen da suka tafi neman ilmi nesa, suka komo suka gina gidan nasu. Ɗaya daga cikinsu shi ne marigayi Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Mu mutanen Ikara da Makarfi da Kudan ya kamata mu san tarihinsa, domin maƙwabcinmu ne.

An haifi Ishaya Audu ran 1 ga watan Maris, 1927, a garin Anchau cikin ƙasar Zazzau. Sunan mahaifinsa Malam Bulus Audu. A zamanin nan Anchau ta yi ƙaurin suna saboda ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa. Cutar ta yi ɓarna ƙwarai, har daga baya Gwamnati ta sa aka sassare kurmin bakin rafuffuka, aka kuma gina sabon gari mai suna Takalafiya. To, a irin wannan wuri da jama'a ke ƙishin magani aka haifi yaron da zai zama babban likita.

Ya fara karatunsa a makarantar mishan ta Wusasa, kusa da birnin Zariya. Wusasa kuwa ƙaramin wuri ne, amma ta yaye manyan mutane, kamar su Dokta Barau Dikko, likitan farko a Arewa, da Janar Yakubu Gowon. Daga nan sai ya wuce Babbar Kwalejin Yaba a Ikko, sa'an nan ya shiga Kwalejin Jami'a ta Badun, wadda aka buɗe a 1948. Da yake a lokacin babu asibitin koyarwa a ƙasar nan, sai aka tura shi Landan, inda ya ƙarasa karatun likita a 1954. Bai tsaya nan ba, sai da ya ƙware a fannin ciwon yara.

Bayan ya komo gida ya yi aiki a asibitocin Gwamnatin Jihar Arewa. Saboda gwanintarsa da riƙon amana, Firimiya Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ya ɗauke shi likitansa. Abin lura a nan shi ne Sardauna Musulmi ne, jikan Shehu Usmanu, shi kuwa likitan Kirista ne, amma wannan bai hana amana ta shiga tsakaninsu ba. Mutum ba ya miƙa ransa a hannun wanda bai yarda da shi ba. Daga baya Likita Ishaya ya koma Jami'ar Ikko yana koyar da ɗalibai aikin likita.

Ita dai Jami'ar Ahmadu Bello an buɗe ta ran 4 ga Oktoba, 1962, da ɗalibai 426. Shugabanta na farko Bature ne, wato Dokta Norman Alexander. A 1966 aka miƙa wa Ishaya Audu ragamarta, yana ɗan shekara 39. Ba a lokacin daɗi ya karɓe ta ba. A watan Janairu na shekarar sojoji suka kashe Sardauna, wanda shi ne uban jami'ar. Rikici ya biyo baya, malamai da ma'aikata da ɗalibai da yawa 'yan Gabas suka koma gida, sa'an nan a 1967 yaƙin basasa ya ɓarke. A shekarar ce kuma aka raba Jihar Arewa gida shida, Gwamnatin da ta haifi jami'ar ta zama babu ita. Da shugaban ya yi sanyin jiki, da wannan jaririyar jami'a ta mutu tun tana cikin zanen goyo.

Babbar matsalar da ya tarar ita ce ƙarancin ɗalibai. Makarantun sakandare a Arewa ba su da yawa, masu aji shida kuwa, waɗanda daga nan ake shiga jami'a, ba su taka kara sun karya ba. Ga gine-gine, ga malamai, amma 'ya'yan ƙasar da aka gina jami'ar dominsu ba su da hanyar shiga. Maganin da aka samo a zamaninsa shi ne buɗe makarantar share fage a cikin jami'ar. Yaro ya gama aji biyar da sakamako mai kyau, sai a ɗauke shi a horar da shi, in ya ci jarrabawa ya wuce karatun digiri. Ta wannan ƙofa 'ya'yan manoma da makiyaya masu yawa suka zama likitoci da injiniyoyi da alƙalai da malamai.

Da yake shi likita ne, bai manta da sana'arsa ba. A 1967 aka buɗe sashen koyon aikin likita a jami'ar, ɗalibai suna koyon duba marasa lafiya a asibitocin Zariya da Kaduna da Malumfashi. Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano ita ma ta bunƙasa a ƙarƙashin jami'ar, har ta zama jami'a mai cin gashin kanta a 1977. Lokacin da ya sauka a 1975, bayan shekara 9, ɗalibai sun kai dubbai, jami'ar kuma tana cikin mafi girma a Afirka. Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafi, shi ya gaje shi.

Sunan da ya yi a jami'a shi ya jawo shi cikin siyasa. A zaɓen 1979 Dokta Nnamdi Azikiwe ya ɗauke shi mataimaki a jam'iyyar NPP. Ba su ci zaɓe ba, amma Shugaba Shehu Shagari ya naɗa shi Ministan Harkokin Waje, ya riƙe muƙamin har 1983. Da sojoji suka yi juyin mulki a ƙarshen shekarar, yana cikin 'yan siyasar da aka tsare. Bayan an sake shi sai ya koma Samaru, ya buɗe asibiti, ya ci gaba da duba marasa lafiya kamar yadda ya fara. Ya rasu ran 29 ga Agusta, 2005, a ƙasar Amurka, yana da shekara 78.

'Yan'uwana ɗalibai, darajar malami ba a yawan haruffan da ke bayan sunansa take ba, tana ga yawan mutanen da ya buɗe wa hanya. Duk ɗan yankin nan da ya shiga ƙofar jami'ar Samaru, ya sani akwai gumin ɗan Anchau a wurin. Saura mu mu dage da karatu, kada ƙofar da aka sha wahalar buɗewa ta zauna babu mai shiga. Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, amin.