Yohanna Kasiyan: Mai Zuhudun da Ya Yi Nazarin Fushi

An haifi Yohanna Kasiyan wajen shekarar 360 Miladiyya. Tun yana saurayi ya shiga gidan masu zuhudu a Baitalami tare da amininsa Jamanus. Daga nan suka nufi hamadar Masar, inda suka shafe shekaru suna ɗaukar karatu a gaban dattawan Kirista masu kaɗaita domin ibada.

Rikicin aƙida da ya ɓarke a Masar wajen 399 ya sa ya ƙaura zuwa Kustantiniya, inda Bishof Yohanna Kirisostom ya naɗa shi dikon. Da aka tsige Kirisostom aka kore shi a 404, Kasiyan yana cikin waɗanda suka kai kukansa ga Fafaroma Innosan na Ɗaya a birnin Rum. Sau biyu ke nan yana ganin yadda husuma ke raba kan masu addini.

Wajen 415 ya zauna a Marsel, kudancin Faransa ta yau, ya kafa gidajen zuhudu biyu, na maza da na mata. A can ya rubuta littafinsa na Latin kan tsarin zaman masu zuhudu, inda ya lissafa miyagun halaye takwas, ya keɓe wa fushi kashi na takwas na littafin.

Matsayinsa mai tsauri ne. Ya fassara Afisawa 4:26, ayar da ta haɗa yin fushi da guje wa zunubi, da cewa fushin da ya halatta shi ne wanda mutum yake yi da laifin kansa. A ganinsa, fushi da ɗan'uwa, ko da dalili ko babu, yana makantar da zuciya, yana kuma ɓata addu'a. Bai ɗauki gudun mutane a matsayin magani ba, domin ya ba da labarin yadda, yana shi kaɗai a hamada, yakan fusata da alƙalamin da bai feƙu ba, da dakusasshiyar wuƙa, da ƙyastun da ya ƙi ba da wuta. Ashe cutar tana cikin zuciya, kuma a cikin jama'a ake koyon haƙurin da ke warkar da ita.

Malaman baya, irin su Toma Akwinas, sun sassauta, suka halatta fushin da hankali ke riƙe da linzaminsa. Duk da haka, ƙa'idar Benedik ta umurci mabiyanta da karanta rubuce-rubucen Kasiyan. Ya rasu wajen 435.