Malam Ahmad Baba Na Tambutu: Malamin Da Ya Amsa Tambayar Launin Fata

 

Akwai maganar da muke yi a zaure, amma in an hau mumbari sai a yi gum da ita, wato maganar launin fata da asali. Duk wanda ya je neman kuɗi ko karatu a wasu ƙasashen Larabawa zai iya gaya maka kalmar da yara kan jefi baƙar fata da ita a titi: abid, ma'ana bayi. Ya ji ciwo, ya haɗiye, don yana ganin in ya faɗa kamar ya tona asirin 'yan uwansa Musulmi ne. To ga tarihin wani malami da bai haɗiye ba. Shekara 400 da suka wuce ya zauna ya rubuta amsa a kan wannan magana, kuma a cikin amsar har da sunan Kano da Katsina.

An haifi Malam Ahmad Baba a shekarar 1556, wato 963 bayan Hijira, a cikin zuriyar Aƙit, gidan da ya daɗe yana riƙe da alƙalancin Tambutu, a ƙasar Mali ta yau. Gidan ba baƙo ba ne a wurinmu. Kakansa, Alhaji Ahmad ɗan Umar, da ya dawo daga aikin Hajji ya sauka Kano ya karantar, a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Shi Ahmad Baba ya fara karatu a gaban mahaifinsa, daga nan ya lizimci Malam Muhammad Bagayogo shekaru da dama, yana maimaita Muhtasar a gabansa har fiƙihun Malikiyya ya zauna masa.

Ku riƙe wani abu a nan. Asalin danginsa Sanhaja ne, mutanen Sahara, dangin Buzaye. Babban malaminsa kuwa, wanda bai taɓa gajiya da yabonsa ba, Bawangare ne, baƙar fata. A Tambutu ta wancan lokaci wannan ba abin mamaki ba ne. Sai da aka kai shi arewacin Sahara ya zama ana kiransa Assudani, mutumin ƙasar baƙaƙe, kuma da wannan suna aka san shi har yau.

Ga yadda aka yi aka kai shi can. Sarkin Maroko, Ahmad al-Mansur, ya sa ido a kan gishirin Tagaza da zinariyar Sangai. Ya turo runduna ta kusan mutum 4,000 da bindigogi, ƙarƙashin Judar Basha, suka ratso hamada. A watan Maris na 1591 suka gamu da Askiya Ishaƙ na biyu a Tondibi, daular Sangai ta faɗi. Musulmi ne suka ci Musulmi da yaƙi, ba wani abu ba. Malaman Tambutu ba su yi na'am da mamayar ba, don haka a watan Oktoba na 1593 aka kama manyansu, aka kashe wasu a hanyar kai su kurkuku, aka wawashe gidajensu. Littattafan Ahmad Baba da aka kwashe sun kai 1,600, kuma shi da kansa ya shaida cewa a cikin danginsa shi ne mafi ƙarancin littattafai.

A 1594 aka tasa su gaba zuwa Marrakesh, maza da mata da yara, malamai a cikin mari. A hanya ya faɗo daga kan raƙumi, ƙafarsa ta karye. Subhanallah! Wannan ita ce hanyar da fatake ke bi da bayi. Ƙishin da bayi ke sha ya sha, nauyin ƙarfen da suke ji ya ji. Ni dai a ganina, wanda bai san wannan tafiya ba ba zai gane zafin alƙalaminsa na baya ba.

Ya yi shekara 2 a tsare, sannan aka sake shi da sharaɗin ba zai bar garin ba. Masu tarihin Maroko sun kawo labarin shigarsa fada. Al'adar sarkin ce ya yi magana da mutane ta bayan labule. Ahmad Baba ya ƙi cewa uffan, ya nuna masa cewa magana ta bayan shamaki siffa ce ta Ubangiji, bai kamata bawa ya kwaikwaya ba. Aka ɗage labule. Sai ya tambaye shi dalilin kwashe masa littattafai da ɗaure shi. Sarki ya kawo hanzarin haɗa kan Musulmi. Malam ya tambaye shi me ya hana shi farawa da Turkawan Tilimsan, tunda su ne kusa da shi. Fursuna ke nan, mai karyayyar ƙafa, a gaban wanda ya rushe daular ƙasarsa.

Daga nan ya zauna karantarwa a masallacin Shurafa. Alƙalai da masu fatawa suka riƙa zama a gabansa, har al-Maƙƙari, mai littafin Nafhuɗ Ɗib, ya karɓi ijaza a hannunsa. A can ya kammala Nailul Ibtihaj, tarihin malaman Malikiyya, inda ya jera malaman Tambutu da waɗanda suka karantar a Kano da Katsina a sahu ɗaya da na Fas da Misira. Al-Mansur ya rasu a 1603, ɗansa Zaidan ya ba shi izinin tafiya, ya iso gida a 1608.

Wajen 1615 ya amsa wata wasiƙa da ta zo masa daga Tuwat, wani zango na fatake a kudancin Aljeriya ta yau. Tambayar a fili take: bayin da ake kawowa daga Barno da Kano da Katsina da Gawo, ya halatta a saye su? In bawa ya ce shi ɗa ne kuma Musulmi, a yarda da shi? Kuma shin gaskiya ne baƙaƙe jikokin Ham ɗan Annabi Nuhu (AS) ne, waɗanda aka yi wa baki suka zama bayi? A yaba wa masu tambayar, don sun fito da abin da ke zukatan mutanensu ba tare da kwana-kwana ba. Shi ma bai zage su ba, bai kuma yi musu kara ba. Ya bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya a littafin da ya kira Mi'irajus Su'ud.

Ya nuna musu cewa launi ba shi da wata alaƙa da bauta a shari'a, hukuncin baƙi da fari ɗaya ne. Mutanen Barno da Kano da Katsina da Gobir da Sangai sun shiga Musulunci da kansu tun da daɗewa, ba wanda ya ci su da yaƙi, saboda haka 'ya'ya ne, mallakarsu haramun ce. Wanda ya ce daga waɗannan ƙasashe ya fito, a karɓi maganarsa, mai iƙirarin mallaka shi zai kawo hujja, kamar yadda Alƙali Mahmud na gidansu yake hukunci a Tambutu. Labarin bakin Annabi Nuhu kuwa ya nuna bai tabbata ba, ya kawo bayanin Ibn Khaldun cewa bambancin launi daga yanayin ƙasa da zafin rana yake.

Sai kuma ya juyo kanmu, kuma nan ne wurin da ba mu cika son karantawa ba. Ta yaya Bakano ko Bakatsine ya isa kasuwar Tuwat? Malam ya faɗa: sarakunan waɗannan ƙasashe kan saɓa, wannan ya kai wa ƙasar wancan hari, ya kama 'ya'ya Musulmi ya sayar. Mai saye a can yake, mai sayarwa a nan. Har yau ma, kafin mu gama kuka da kalmar abid, mu tuna gidajen da ake fasa aure saboda an tono cewa kakan yaro bawa ne, da yadda ake tallar amarya da cewa fara ce.

Kuma kada a ɗora wa Malam abin da bai yi ba. Bai soke bauta ba. A ƙarshen littafin ya lissafa al'ummomin da yake ganin ba Musulmi ba ne a zamaninsa, irin su Mosi da Gurma da Yarbawa, ya ce hukuncinsu dabam, duk da ya yi wasiyya da tausasa wa wanda ke hannu. Ɗan zamaninsa ne, da fiƙihun zamaninsa ya yi magana. Abin da ya rushe shi ne zaton cewa baƙar fata kanta hujjar bauta ce.

Fatawar ta yi tafiya. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya kafa hujja da ita a littattafansa, shekara kusan 200 bayan rubuta ta. A Maroko kuwa, kafin ƙarnin ya ƙare, Sarki Maulaya Isma'il ya sa aka tattara baƙaƙen ƙasar, har da 'ya'ya Musulmi, ya mai da su rundunar bayi. Malamin Fas, Abdussalam Jassus, ya ƙi sa hannu, aka kashe shi a 1709.

Malam Ahmad Baba ya rasu a Tambutu a 1627. A 1973 aka buɗe cibiyar adana tsofaffin littattafai da sunansa a garin. A watan Janairu na 2013, 'yan bindigar da suka mamaye Tambutu suka cinna wa wasu dubban rubuce-rubucen cibiyar wuta a kan hanyarsu ta ficewa. Mafi yawan littattafan sun tsira, don mutanen gari sun riga sun fitar da su a ɓoye, cikin akwatuna da buhuna, zuwa Bamako.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya haskaka kabarinsa.