Luca Pacioli: Malamin cocin da ya koyar da rubuta kowane ciniki sau biyu

Duk wani akanta da ke aiki a banki ko kamfani a yau, da tsarin da wani malamin coci ɗan Italiya ya wallafa a 1494 yake neman abincinsa. Sunansa Luca Pacioli.

An haife shi a garin Sansepolcro wajajen 1447. Yana matashi ya tafi Venice, birnin fatake masu jiragen ruwa, inda wani attajiri, Antonio Rompiasi, ya ɗauke shi ya koya wa 'ya'yansa uku lissafi. A nan ya ga yadda 'yan kasuwa ke riƙe littattafansu. Daga baya ya shiga zuhudu a cocin Katolika, ya kuma koyar da lissafi a jami'ar Perugia.

Littafinsa mai suna Summa na lissafi ne, ɗan sashe kaɗan ne ya taɓo kasuwanci, amma sashen nan ne ya fito da sunansa. A ciki ya nuna cewa ɗan kasuwa ya fara ƙidaya duk abin da ya mallaka, da bashin da yake bi, da wanda ake binsa. Sannan ya riƙe littattafai uku: na tuni da ake rubuta ciniki nan take, na kullum da ake tsara shi, sai babban littafi inda kowane kaya da kowane abokin hulɗa ke da shafinsa.

Kowane ciniki kuma sau biyu ake shigar da shi. A ce dillali a Makarfi ya ɗauki rake na naira dubu 200 bashi: a gefe ɗaya kayansa sun ƙaru, a ɗaya gefen bashin da ke wuyansa ya ƙaru daidai haka. In aka tattara gefen biyu suka ƙi daidaita, to an yi kuskure, ko wani ya sa hannu. Ta haka mai shago ke gane ko riba yake ci ko uwar kuɗi.

Ana kiransa uban aikin akanta, kodayake akwai ƙari a ciki, domin tun 1340 ma'ajin birnin Genoa ke amfani da tsarin. Abin da Pacioli ya yi shi ne ya bayyana shi da harshen da 'yan kasuwa ke ji maimakon Latin, injin ɗab'i kuma ya yaɗa shi.

A Milan ya yi abota da Leonardo da Vinci, ya koya masa lissafi, shi kuma ya zana masa hotunan wani littafinsa da ya fito a 1509. Pacioli ya mutu a 1517.