Ibnul Haisam: malamin da ya ce a gwada kafin a yarda

'Yan'uwa ɗalibai, a wannan fitowa ta tunawa da magabata na zaɓi mutumin da nake ganin duk mai karanta darasin hanyoyin bincike da ƙididdiga a ilimin halayyar ɗan Adam ya kamata ya sani, wato Abu Ali Alhasan Ibnul Haisam. An haife shi a Basra wajen shekarar 965, ya rasu a Alƙahira wajen 1040.

Masu tarihi sun ruwaito cewa Halifa Alhakim na daular Faɗimiyya ya gayyace shi Masar don ya shawo kan ambaliyar kogin Nilu. Ya tafi har yankin Aswan, ya duba da idonsa, ya ga aikin ba zai yiwu da kayan zamanin ba. Ya dawo ya faɗi gaskiya, alhali Alhakim ba sarkin da ake kawo wa labarin gazawa ba ne. An ce haukan ƙarya ya yi don ya tsira, aka tsare shi a gida har zuwa ƙarshen mulkin halifan a 1021. Daga nan ya zauna kusa da Azhar, yana kwafar littattafan lissafi yana samun abin kai wa baka.

Babban aikinsa shi ne Kitabul Manazir, mai juzu'i bakwai. Kafin shi, manya irin su Iƙlidis da Baɗalimus sun tafi a kan cewa haske daga ido yake fita. Shi kuwa sai ya gwada. Ya jera fitilu a wajen ɗaki mai duhu mai ƙaramar kafa, kowace fitila ta yi ɗigon haskenta a bango. Ya rufe ɗaya, ɗigonta kaɗai ya ɓace. Ya buɗe, ya dawo. Ka ga, abu ɗaya ya sauya, ya bar sauran yadda suke, sannan ya lura da sakamako. Ai wannan ne ginshiƙin gwajin da ake koya mana a aji ɗaya. Mu da ke nan Balad, duk wanda ya ga rana tana ratsa ramukan tagogin katako na tsofaffin gidajen Jidda zai gane hoton nan take.

Bai tsaya kan haske ba. Ya yi bayanin cewa gani ba aikin ido kaɗai ba ne, ƙwaƙwalwa tana kwatantawa tana yanke hukunci, shi ya sa take kuskure. Juzu'i na uku kacokan kan kurakuran gani ne. Wannan fa fiye da shekara 800 ke nan kafin Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwajinsa a Leipzig a 1879. An fassara littafin zuwa Latin, aka buga shi a Basel a 1572.

Ƙididdigar da muke fama da ita daga baya ta zo, amma tarbiyyarta ɗaya da tasa. Na sha ganin ɗalibi ya raba takardun tambayoyi, alƙaluma suka ƙi goyon bayan hasashensa, sai ya shiga gyara su don kada aikin ya zama kamar ya tashi a banza. To, sakamakon da ya ce hasashenka bai tabbata ba shi ma sakamako ne. Ibnul Haisam ya kai irinsa gaban sarki, da ransa a hannu. Mu gaban malami kawai za mu kai namu.

Allah Ya jiƙansa, Ya ba mu ilimi mai amfani.