Jean Rouch: Baturen da ya ɗauki Nijar da kyamara a kafaɗa

A ranar 18 ga Fabrairun 2004, wata mota ta yi haɗari kusa da Birnin Ƙonni. Daga cikin waɗanda ke ciki har da wani dattijo Bafaranshe mai shekaru 86, Jean Rouch, wanda a nan ya rasu. An binne shi a Yamai, birnin da ya fara sauka shekaru sama da 60 kafin nan.

An haife shi a Faris a ranar 31 ga Mayun 1917. Aikin injiniya ya karanta, kuma da shi ya zo Nijar a 1941 don kula da gina hanyoyi a ƙarƙashin mulkin mallaka. A bakin kogin Isa ya haɗu da wani matashi ɗan masunta, Damouré Zika, wanda ya zama abokinsa har ƙarshen rayuwa. A 1942 tsawa ta kashe wasu daga cikin ma'aikatansa, kakar Damouré kuma ta jagoranci wasan borin da aka yi a kan lamarin. Abin da ya gani a ranar ne ya karkatar da shi zuwa nazarin al'adu.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a 1946 da 1947, shi da abokansa Jean Sauvy da Pierre Ponty suka bi kogin a kwale-kwale daga mafarinsa har zuwa teku. Yana riƙe da tsohuwar kyamarar Bell & Howell da ya saya na hannu a Faris, mai cin fim mai faɗin milimita 16. Wana ta ake yi kamar agogo, kuma ba ta wuce kusan daƙiƙa 25 sai ta tsaya. Ba ta ɗaukar murya. Ana cikin tafiya ƙafafun da ake ɗora ta a kai suka ɓace, dole ya riƙa ɗauka da hannu. Daga wannan rashi salonsa ya fito: maimakon ya kafe wuri ɗaya, sai ya shiga cikin jama'a yana tafiya da su. Gajeren lokacin kyamarar kuma ya tilasta masa tunanin hoto na gaba tun yana wana ta.

Wani darasin daga masuntan Ayorou ya samo shi. Ya ɗauki farautar dorina da suke yi, sannan a 1954 ya koma ya nuna masu fim ɗin. Sun ƙi amincewa da kiɗan da ya saka, domin a wurinsu dorina na ji a ƙarƙashin ruwa, kuma ana farautarta ne shiru. Ya cire kiɗan. Tun daga nan ya mayar da shi ƙa'ida cewa wanda aka ɗauka sai ya ga hotonsa ya faɗi ra'ayinsa.

A Gana ta wancan zamani ya ɗauki Jaguar, labarin samari uku ƴan Nijar da suka tafi ci-rani, labarin da gidajen Matamaye da Kance suka sani sarai. Damouré da Lam Ibrahim Dia suka ɗora muryoyinsu daga baya suna kallon hotunan. A Abijan kuwa ya yi Moi, un noir a 1958 tare da Oumarou Ganda, tsohon soja mai dako a tashar jiragen ruwa. Ganda ya zama mai shirya fim, kuma shi ne ya fara lashe babbar kyautar Fespaco ta Wagadugu a 1972.

Aikinsa bai tsira daga suka ba. Les Maîtres fous na 1955, a kan ƴan borin Hauka na Nijar da ke kwaikwayon gwamna da hafsoshin Turawa a kusa da Akra, ya fusata ɗaliban Afirka a Faris, waɗanda suka ga ƙasƙanci a ciki. Hukumomin Ingila ma sun hana nuna shi a Gana. Ousmane Sembène na Senegal ya zarge shi da kallon ƴan Afirka kamar yadda ake nazarin ƙwari. Har yau masana na muhawara a kan wannan zargi.

Ya bar finafinai fiye da 100, mafi yawansu a Afirka ta Yamma, ciki har da Cocorico Monsieur Poulet na 1974 da ƴan Yamai ke tunawa da dariya. Cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar a Yamai ta ɗauki sunansa har zuwa 2024. A yau kusan kowace wayar salula kyamara ce, kuma ana yaɗa hoton mutum ba tare da an tambaye shi ba. Masuntan Ayorou tun 1954 suka nuna cewa mai hoton yana da ta cewa a kan yadda za a nuna shi.