TUNA BAYA: Bruce Lee, ɗan ci-ranin da faɗansa ya cika silimun Agege

Duk wanda ya hau gadar sama ta Pen Cinema a Agege, wadda gwamnatin Jihar Legas ta buɗe a watan Maris na 2021, ya bi ta kan sunan wani gidan silima da ya daɗe da rufe ƙofa. A shekarun 1970 da 1980, a nan da silimar Danjuma matasan unguwar, har da 'ya'yan Hausawan Zango masu fataucin goro da shanu, suke raba dare suna kallon finafinan Indiya da na faɗan 'yan China. Na Chinan masu arha ne, hoto na rawa, murya ba ta bin baki, jini kuwa kamar an tuntsurar da jan fenti. Mutum guda ne ya ɗaga darajarsu a duniya, kuma shekara 32 kacal ya yi a raye.

An haifi Lee Jun-fan, wanda duniya ta sani da Bruce Lee, ranar 27 ga Nuwamba, 1940, a birnin San Francisco na Amurka, lokacin da mahaifinsa Lee Hoi-chuen, ɗan wasan daɓe, yake rangadi a can. A Hong Kong ya tashi, kuma kafin ya cika shekara 18 ya fito a finafinai kusan 20. Ya koyi salon faɗa na Wing Chun a hannun malam Ip Man, ya kuma lashe gasar rawar ca-ca ta Hong Kong a 1958. Sai dai yaro ne mai tsokana da yawan dambe a titi, har iyayensa suka ga gara su nisanta shi da gari. A 1959 suka tura shi Amurka da dala 100 a aljihu.

A Seattle ya yi aikin kai abinci a wani gidan cin abinci, ya shiga Jami'ar Washington, ya buɗe makarantar koyar da kunfu, ya kuma auri Linda Emery a 1964. Bajintar da ya nuna a gasar kareti ta Long Beach a shekarar ce ta buɗe masa ƙofar talabijin, inda ya fito a matsayin Kato, direban jarumi, a shirin The Green Hornet daga 1966 zuwa 1967. Manyan taurari irin su Steve McQueen da James Coburn sun zama almajiransa, amma Hollywood ba ta yarda ɗan China ya ja ragamar fim ba. Ko da aka tashi yin shirin Kung Fu, David Carradine, farar fata, aka ba matsayin jarumi.

Ganin haka ya koma gida. A 1971 Raymond Chow na kamfanin Golden Harvest ya ɗauke shi fim ɗin The Big Boss, wanda aka yi a garin Pak Chong na ƙasar Tailan da kuɗin da aka ƙiyasta dala 100,000. Labarinsa ba ya buƙatar tafinta ga mutumin Zango. Saurayi ne ya bar gida ya tafi ci-rani wajen 'yan uwansa leburori a masana'antar ƙanƙara, da abin wuya da ke tuna masa alkawarin da ya yi wa mahaifiyarsa cewa ba zai ƙara faɗa ba. Mai masana'antar yana ɓoye miyagun ƙwayoyi cikin ƙanƙara, kuma duk leburan da ya gano sai ya ɓace. Ana dukan 'yan uwansa yana kallo, yana haɗiye fushi, har ranar da abin wuyan ya tsinke. Ko bayan nan ba a gama da shi ba, domin an naɗa shi shugaban leburori, aka cika shi da giya da liyafa har ya shagala da neman waɗanda suka ɓace. Bai farga ba sai da aka kashe danginsa. Ya ɗauki fansa, sannan ya miƙa kansa ga 'yan sanda.

Nan sirrin yake. Ɗan kallon da ya baro Kano ko Sakkwato ya sauka a Kudu, da nasihar iyaye a kunne cewa baƙo ba ya ɗaga murya, ya san nauyin wannan haƙurin. Jinin da ke kwarara a ƙarshe bashi ne da aka daɗe ana bi. Fim ɗin ya karya tarihin ciniki a Hong Kong, sai Fist of Fury na 1972 ya zarce shi, inda Bruce ya fito a matsayin almajirin da ke rama kisan malaminsa a hannun Japanawa a Shanghai, yana juya sanduna biyu masu sarƙa. A shekarar ya rubuta The Way of the Dragon, ya kuma ba da umarninsa da kansa, ya kara da Chuck Norris a tsohon dandalin fafatawa na birnin Rum. A nan ma baƙo ne da ya zo kare gidan abincin 'yan uwansa daga 'yan daba.

Sai a lokacin Hollywood ta waiwayo shi. Kamfanin Warner Bros ya shiga aikin Enter the Dragon da kimanin dala 850,000, aka haɗa shi da John Saxon da baƙar fata Jim Kelly. Bai ga fitowar fim ɗin ba. Ranar 20 ga Yuli, 1973, ya sha maganin ciwon kai a gidan jaruma Betty Ting Pei a Hong Kong, ya kwanta, bai tashi ba. Likitoci sun ce kumburin ƙwaƙwalwa ne. An binne shi a Seattle, inda aka kwantar da ɗansa Brandon kusa da shi a 1993, bayan harsashi ya same shi bisa kuskure a wajen ɗaukar fim.

Mutuwarsa ta zama kasuwa. Furodusoshi suka farauto masu kama da shi suka raɗa musu Bruce Li da Bruce Le da Dragon Lee, suka cika silimu da jabun kaya. A 1978 aka harhaɗa Game of Death, wanda bai kammala ba, da kusan minti 11 na ainihin wasansa, aka cike sauran da wasu mutane, har da hotunan jana'izarsa ta gaske. Mutumin da ya shahara da labarin leburan da maigida ke ci da guminsa, haka aka ci da nasa bayan ransa.

Zuwan bidiyo gidaje da tsadar shigo da finafinai sun kashe yawancin tsofaffin silimun Legas, Pen Cinema ta koma sunan tasha a bakin kwandasta. Amma har gobe idan yaro ya ɗaga ƙafa zai kai hauri a lungun Agege ko Fagge, sunan da manya ke kiransa da shi na wancan baƙon ne da ya rasu fiye da shekara 50 da suka wuce.